Kare Mai Suna Biyu

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, yana da wani karatu wanda ba a allo ya samo shi ba. Cewa yake kare ba shi da zuciya, ciki kawai gare shi. In kare ya kaɗa maka wutsiya, ƙashi yake nema. In ya raka ka lambu, ragowar fura yake hange. In ya kwanta a ƙofarka, ƙamshin miya ne ya kwantar da shi. Yakan faɗi wannan a zaure, a bakin rijiya, a kasuwar Gure, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kuma yawanci ba a tambaye shi ba. Ba zan ambaci sunansa ba. Duk zaman da muka yi bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa yanzu da yake kwance zan koya ba.

Mutum ne dogo, mai taurin wuya, mai sahun gaba a masallaci. Lambu yake yi a kwarin da ke ƙarƙashin tudun rairayi, inda ruwa ke kusa har ka tona da hannu ka same shi. Albasa, alkama, ɗan rogo, da dabinon da suka gada. Na ce suka gada don su biyu ne, shi da ƙanensa. Iyayensu sun rasu ƙanen yana ƙarami, maigidana ya rene shi, ya yi masa kaciya, ya yi masa aure, ya yanka masa rabin gida aka ja zana a tsakani. Alheri ne babba, babu mai musu. Sai dai maigidana irin mutanen nan ne da in sun ba ka ruwa sai sun tsaya sun ji ka yi gyatsa da sunansu.

Ƙanen kuwa gajere ne, ɗan ba'a, mai dariya da dukan jikinsa. Abokin wasana ne, yadda ƙanen miji yake ga matar wansa. Matarmu yake ce mini, ya leƙo ta kan zana ya ce miyata ta yau ko akuya sai ta yi istigfari kafin ta sha. Shi da wansa ba su yi kama ba ko a ƙafa, sai a abu guda, murya. In ɗayansu ya yi sallama daga waje, ni da facalata, wato matar ƙanen, sai mun saurari takun tafiya kafin mu san wadda za ta tashi.

Abin da ya raba su dabino ne guda. Da ma mace ce mai ƴaƴa, da sai in ce to, yunwa ce. Namiji ne, wanda tun da aka dasa shi bai taɓa ba kowa ko ƙwallo ba, sai ɗan furen da ake yankowa a ɗaura wa matan dabino, wanda ko baƙo ya roƙa ana ba shi kyauta. Gindinsa na cikin rabon maigidana, kansa ya karkata cikin rabon ƙanen. Wata shekara, bayan shekarar fara da ta sa muka tone gidajen tururuwa, ƙanen ya hau ya yanki fure bai nemi izini ba. Maigidana ya ce mai gindi ke da itace. Ƙanen ya ce to mai gindi ya hau ya yanko da kansa. Maigidana ya shiga jero alherinsa tun daga kaciya, ƙanen ya ce da ya san za a yi masa gorin abin da aka yanke, da ya adana shi ya mayar wa mai shi. Mutanen kwari suka kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce maigidana bai yafe ba. A ranar ya ɗinke ƴar ƙofar da ke jikin zana da igiyar kaba, ya hana ni shiga gidan, gaisuwa ta mutu har ta ranar Sallah.

Ana cikin haka wasu Fulani da suka gangaro daga wajen Kelle suka bar masa ɗan kwikwiyo a kasuwa, ja, mai kunne guda a karye. Ya ce don dila ya karɓa, da awakin da ke yi masa ɓarna a albasa.

A wajenmu ba a raɗa wa kare suna don kare. Don maƙwabci ake raɗawa. Mace in tana da magana a ciki wadda kunya ta hana ta faɗa, sai ta sa wa karenta ko kyanwarta, ta yini tana kira, wanda aka yi dominsa yana ji ba shi da bakin ƙara, don wa zai je gaban alƙali ya ce sunan kare ya zage shi? Makamin mata ne. Maigidana da ke cewa mata ba su da aiki sai habaici, shi ya ɗauki makamin nan bai ko ce a ara masa ba. Ya sa wa kwikwiyo suna Ka-ci-ka-manta. A cikin gida Barbarci suke yi tsakaninsu, harshen uwarsu, amma sunan da Hausa ya raɗa shi, don Hausa ce ke kai zagi kasuwa.

Da safe sai ya tsaya tsakar gida, ya fuskanci zana, ya buɗe murya. "Ka-ci-ka-manta. Kai, Ka-ci-ka-manta, ina ka shiga?" Alhali kwikwiyon na nan a gindin ƙafarsa yana tauna masa igiyar takalmi.

Na ce, "Malam, ga shi nan a ƙafarka."

Ya ce, "Na gan shi. Koya mishi nike."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda ya yi dominsa, kuma wanda aka yi dominsa ya fi kowa sani. Ƙanen ya jira har kwikwiyo ya yi wayo ya tona rami a ƙarƙashin zana ya ɓulla gidansu. Wata rana da hantsi muna zaune sai muka ji murya daga ƙetare, cike da ladabi, irin wadda ake gaida babba da ita.

"A'a, Yaya ne? Sannu da zuwa, Yaya. Ke, kawo ma Yaya ƙanzo. Yaya, bar lashe-lashen nan mana, girma ya kama ka."

Na toshe bakina da gefen zane na shige madafa. Maigidana ya zauna da lomar tuwo a hannu, ya kasa kai ta baki, ya kasa mayar da ita akushi. Kafin kasuwa ta zagayo duk unguwa ta sani: a gidan babba ana kiran kare Ka-ci-ka-manta, a gidan ƙarami ana kiransa Yaya. Yara suka riƙa tsayawa a bayan gida suna jiran a kira.

Shi kuwa karen bai ga abin faɗa ba. Duka biyun yake amsawa, da wutsiya iri ɗaya. Safiya tamu ce, ya raka maigidana kwari. Da rana ta karya ya bi ramin ya koma wancan gida. An ce zumunta a ƙafa take, to a gidan nan namu ƙafa huɗu ce kaɗai ta rage tana yin ta. Ni da facalata sai a bakin rijiya muke haɗuwa, mu yi gaisuwa a gaggauce kamar masu satar hanya, ta tambaye ni ko babban ya huce, in tambaye ta ko ƙaramin ya gaji.

Ni da ke ba karen nan abinci na san abin da na gani. Yana jin kunya. Ranar da ya sace mini busasshen nama a kan danga ban ko ɗaga murya ba, amma ya yini a bayan rumbu yana kallona ta wutsiyar ido, kamar surukin da aka tarar yana lasar tukunya. Yana kishi. In maigidana ya shafa wuyan ɗan akuya, sai ya zo ya kutsa tsakaninsu ya zauna. Yana kuma riƙe fushi. Maigidana ya taɓa dukansa kan kazar da dila ya ɗauka, ya yi kwanaki yana cin abin hannuna yana ba maigidana baya, har sai da mutumin ya fara tari da gyaran murya a kusa da shi. Na gaya wa maigidana duk wannan, ya ce mata ke nan, ko turmi ne in sun daɗe da shi sai su ce ya yi musu murmushi.

A barikin kumandan, Baturen da ke mulkin garin, akwai wani guntun kare mai gashi har ido, wanda madam matarsa ke goge wa baki da ƙyalle, kuku na dafa masa nasa daban. Maigidana in ya kai albasa bariki ya dawo, yini yake yana labarinsa. "Ku dubi inda hankalin masu mulkinmu ya tsaya," in ji shi. Amma shi ɗin, duk ranar da aka yi nama, ƙashin da ya fi ɓargo sai ya kuɓuce masa daga hannu, kuma kullum ta ɓangaren da kare yake yake kuɓucewa. In na dube shi sai ya ce faɗuwa ya yi. Sannan ya sa ni in wanke akushi sau bakwai don numfashin kare ya gifta ta kusa.

Da tafiya ta yi tafiya sai zagin ya fara tsufa, ya zama wani abu dabam ba tare da su biyun sun lura ba. Wata rana muka ji ƙanen yana cewa, da ƙarfi fiye da yadda kunnen kare ke bukata, "Yaya, an ce Buzaye za su sauko da raƙuma kwari gobe. Mai alkama ya gyara shingensa." Maigidana bai ɗaga kai ba, amma da asuba ya ɗauki gatari ya tafi saran ƙaya. Wata rana kuma, "Yaya, yarinyar nan zawo ya ƙi tsaya mata." Maigidana ya jira kare ya dawo ta rami, ya tsaya a kansa ya fuskanci zana. "Ka-ci-ka-manta, da kana da hankali da ka san ana jiƙa sabara a ba yaro." Aka jiƙa sabara, yarinya ta warke. Maza biyu masu gemu, uwa ɗaya uba ɗaya, suna hira ta bakin kare, kowa na ganin shi ya ci nasara. Ni abin dariya yake ba ni, wani lokaci kuma haushi, don na san tsakanin bakin wannan da kunnen wancan zana ce kawai wadda akuya ke iya ci.

Sai aka zo kwasar maza aikin hanyar Damagaram. Gardi, dogaran bariki masu jar hula, suka shigo unguwa da mai unguwa a gabansu yana nuna gidaje da baki, aka fito da ƙanen da ɗan buzunsa da gorar ruwa. Maigidana na zaure yana jan carbi, ya gan su sun wuce, carbin ya tsaya amma bakin bai buɗe ba. Karen ne ya bi su har bayan gari, sai da wani gardi ya yi ta jifansa ya juyo.

Tun daga ranar, da zarar rana ta karya, lokacin da ya saba bin rami, sai ya hau tudun da ke yamma da gari ya zauna ya fuskanci hanya. Ko babbar motar bariki ta taso ya miƙe tsaye, ko ayarin jakai ne ya miƙe, in sun wuce ya koma ya zauna. Masu zuwa itace suka riƙa kawo mana labari. Maigidana ya ce mushe yake jira, hanya ba ta rasa mushe. A cikin watannin nan albasar ƙanen ba ta bushe ba, ko da yake facalata ba ta taɓa taka kwari ba. Na tambayi maigidana, ya ce ruwa ne ya ɓalle daga fangalin albasarsa. Na ce ruwan nan yana da kirki, kullum ta gefe guda yake ɓallewa. Ya ce in kula da tukunyata.

Bayan sanyi ya wuce aka sako su. Ban ga shigowar ƙanen ba, na ji ta. Kare ne ya zo da shi tun daga tudu, yana wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin dabba ba, ba haushi ba ne, ba kuma kukan duka ba. Na leƙa ta kan zana, hani ko ba hani ba. Yana zagaya shi, yana faɗuwa yana tashi, ya yi tsalle ya dafa ƙirjinsa, har fitsari ya kuɓuce masa. Ƙanen ya rame ya zama rabinsa, ya zauna a ƙasa yana dariya yana tari, yana cewa, "Ya isa, Yaya. Na dawo, Yaya, ya isa." Da na waiwaya sai na ga maigidana a durƙushe a ɗaya ƙarshen zanar, ya manna ido a wata ƴar kafa. Ya ce gara yake dubawa.

Na ce, "Malam, ka tahi ka yi mishi barka da zuwa."

Ya ce, "Shi ne ƙarami. Mai dawowa daga tahiya shi ke zuwa gaida manya."

Tarin bai tsaya ba. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai shi wurin lokotoro, likitan bariki, ya ba shi wani ruwa mai ɗaci, tari na nan. Da bazara ta yi zafi ya kwanta. Tun daga nan kare ya daina raba yini biyu. Ya bar rakiyar kwari, ya tare a bakin ƙofar ɗakin majinyaci, sai yunwa ta matsa ya biyo rami ya ci ya koma. Facalata ta ce mini a rijiya jini ya fara fita. Na dawo na gaya wa maigidana ba tare da na rage komai ba. Na ga abin ya shige shi, don tuwonsa ya kwana. Amma da safe abin da ya ce shi ne, "Bai kira ni ba. In ya kira ni zan je."

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Maigidana na zaune a inuwar zana yana tufka igiyar guga. A kwanakin nan duk aikinsa ya koma gindin zanar, ko da inuwar itacen bedi ta fi ta sanyi. Ina surfe. Sai muka ji muryar, siririya, kamar ta fito daga cikin tulu.

"Yaya."

Na tsayar da taɓarya. Aka sake.

"Yaya."

Na ce, "Malam, kiranka ake."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da kare yake."

"Kare na can a ƙofarshi tun jiya. Wa ke kiran abin da ke gabanshi?"

"To ga shi ya samu."

Aka sake kira, aka yi tari mai tsawo, aka sake. Tufkar maigidana na warwarewa yana sake ta. Na rantse yana so ya tashi. Na ga ƙafarsa ta nemi takalmi. Amma shekarun da ya yi yana jin yara na dariya a bayan gida suka danne shi, yana tsoron ya ɗaga zana ya shiga a ce masa, a'a, ba kai ba, wancan Yayan. Sai ya ce, "In ni yake nufi, ya ambaci sunana."

Nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da mace ba ta faɗa wa miji. Na ce, "Da wane bakin? Tun da ya iya magana ka taɓa jin ya kama sunanka? Kalma guda gare shi ta kiranka, da Hausa da Barbarci duka ita ce, kun taru ku biyu kun ba kare ita. Yanzu da me kake so ya kira ka, da ganga?"

Ya ajiye igiya. Ya ce bari ya yi alwala tukuna, ba a shiga wurin majinyaci haka. Ya ɗauki buta ya yi alwalar da ban taɓa ganin mai tsawonta ba, kowace gaɓa sai da ta sha ruwa ta ƙoshi. Yana wanke ƙafar hagu muka ji kukan facalata.

Bai bi ta ƙofar gida ba. Zanar ya kama da hannu biyu ya yage. Igiyar kabar da ya ɗinke ta da ita ta riga ta ruɓe, ko yaro ya taɓa ta za ta buɗe.

Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A zaman makoki ya zauna a kan buzu a tsakiyar zaure, ido a bushe, yana amsa gaisuwa daidai yadda littafi ya ce. Mutane na fita suna yaba haƙurinsa. Na ji wani tsoho na cewa irin wannan dangana sai malamai. Ni ina cikin gida wurin facalata, wadda ta shiga takaba, kuma ita ta gaya mini a hankali cewa tun azahar ɗin ranar mamacin ya sa ta juya shi ya fuskanci zana. Kare na bayansa, a bakin ƙofa, ko sau ɗaya bai waiwaye shi ba. Da aka watse na gaya wa maigidana wannan. Ban sa masa zuma ba, don ban ga wanda ya sa wa mamacin ba.

Kare kuwa bai san ana dangana ba. Ya kwanta a bakin ƙofar ɗakin, ya ɗora haɓa a kan dokin ƙofa, ya ƙi tashi. Na kai masa ƙanzo da romo bai shinshina ba. Na kai masa ƙashi, ƙuda suka cinye rabonsu ya bar musu. In mata masu gaisuwa suka kore shi sai ya ja jiki ya zagaya bayan ɗaki, su wuce ya dawo. Wanda aka ce ciki kawai gare shi, ga abinci a gaban hancinsa, haƙarƙarinsa na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku liman ya ce kare a ƙofar ɗakin mamaci bai kamata ba, mai kare ya kira karensa. Ido ya koma kan maigidana. Ya tashi ya shigo, maza na biye da shi zuwa bakin zaure, mu muna leƙe daga rumfa. Ya ce, "Kai." Kare bai motsa ba. Ya ce, "Kai, tashi. Zo nan." Ya yi tsaki, ya tafa hannu, ya yi fito kamar makiyayi. Ko kunnen nan karyayye bai ɗaga ba. Kowa a wurin ya san sunan da karen ke amsawa, kowa ya yi shiru yana jira ya ji ko mutumin zai tsaya a ƙofar ƙanensa, ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya ce ka ci ka manta. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Ya juya ya fita, ya ce a bar shi, yunwa za ta koro shi.

Yunwa ba ta koro shi ba. Zuwa sadakar bakwai ko korarsa aka yi ba ya iya zagaya ɗaki, sai ya ɗaga ido ya mayar. Ana tuyar masa a tsakar gida, gida cike da mutane, liman ya sake magana, wannan karon da ɗan zafi. Wani daga cikin dangi ya samo igiya ya ce zai ja shi ya kai bayan tudu, abin da Allah ya yi da shi shi ke nan. Har ya yi zarge.

Maigidana ya ce, "Bari."

Ya je wurin tukunya da kansa, a gaban mata, ya tsamo ƙashi mai ɓargo da hannunsa. Bai bari ya faɗi ba. Ya riƙe shi ya taka har bakin ƙofar, ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gaban kare, mutumin da ko gaban mai gari sai an yi da gaske yake tsugunawa. Ya daɗe a haka. Sannan a hankali, amma gida ya yi tsit har kowa ya ji, ya ce, "Yaya."

Na faɗa muku muryarsu ɗaya ce. Kare ya zabura kamar an taɓa shi da wuta. Ya miƙe a kan ƙafafun da ba su iya ɗaukarsa, wutsiya na kaɗawa, bai ko dubi maigidana ba. Bayansa ya duba. Ya faɗa cikin ɗakin, muka ji yana shinshina tabarma, ya fito, ya zagaya bayan ɗaki, ya leƙa ramin zana, ya bi cikin ƙafafun mutane yana ɗaga kai yana duba fuska ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya kore shi, har liman. Da ya gama ya dawo ya tsaya gaban maigidana, wutsiyar ta sauka.

Maigidana ya sake cewa, "Yaya. Ni ne. Ci."

Karen ya dubi bakin da maganar ta fito, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar maigidana, ya fara lasar ƙashin a hannunsa, yana haɗawa da yatsu. Mai sa a wanke akushi sau bakwai bai janye hannu ba. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan kunnen nan karyayye. Hayaƙin tuya ya cika gidan, na tsaya ina jira ya ce hayaƙi ne, don na san shi da ƙashi mai faɗuwa da ruwa mai ɓallewa. Bai ce ba.

Karen ya tashi, ya yi shekaru bayan haka. Ɗaya sunan ya mutu tare da wanda aka raɗa shi dominsa, babu wanda ya sake faɗinsa a gidanmu. Sai Gure ta samu sabon abin kallo: dattijo mai sahun gaba yana ratsa kasuwa da kwandon albasa, yana waiwaye yana cewa, "Yaya, taho mana." Yara na binsa suna maimaitawa, masu kanwa da masu gishirin manda na dariya a ɓoye, wasu ma ba a ɓoye ba. Mutumin da ya yanke zumunta don an yi masa dariya sau ɗaya a kwari, yanzu kullum ana yi masa ita, ko juyawa ba ya yi. Zanar ba a sake ɗinke ta ba. Namijin dabinon kuwa yana nan a karkace, ƴaƴan mamacin ke hawa su yanko fure, maigidana na ƙasa yana ce musu su yi a hankali.

Ni dai ban iya barin magana ta kwana ba, hali ne. Wata rana da la'asar yana zaune a gindin yagaggiyar zanar yana tufka, kare na kwance a ƙafarsa, duk sun tsufa, na ce, "Malam, har yanzu ciki ne kawai gare shi?"

Na zaci zai ce in kula da tukunyata. Ya dubi karen, ya dubi ƙofar ɗakin da ke ƙetare.

Ya ce, "Shi da aka kira, ya je."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da tufkarsa.